Ruwan da Surukina Ya Ƙi Sha

Ranar sadakar uku ta surukina, muna zaune a ƙofar gidansa a Kinkinau, an baza tabarmi har bakin kwata, sai wani dattijo cikin abokan aikinsa na da ya gyara zama ya ce, "Bawan Allahn nan ko sau ɗaya ban ji ya ce wayyo ba. Kullum ka tambaye shi jiki, sai ya ce da sauƙi." Jama'a suka amsa, haƙuri kam ya yi shi, Allah Ya sa kaffara ce. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan zaren tabarma.

An zo ta'aziyya ƙwarai. Akwai ma'aikatan gwamnati da manyan riguna, akwai kuma waɗanda dangi ba su san su ba: masu dogara sanda, masu jan ƙafa, da wani tela daga Rafin Guza mai hannu ɗaya da ya zauna yana kuka ba ya ko ɓoyewa. Ƙanen marigayin da ya zo daga Zariya ya kalle su, ya kalle ni, sannan ya karkata wajen liman. Ya yi ƙasa da murya, amma dai yadda zan ji.

"Ni dai, Allah gafarta malam, ban taɓa ganin inda mijin 'ya ya yi wa surukinsa wanka ba, alhali ga ƙannensa da rai."

Liman ya ce, "Wasiyyarsa ce, Alhaji. A gabana ya faɗa."

Nan ba wurin magana ba ne. Amma tun ranar nake son in rubuta wannan, saboda kada a manta da Baba, surukin nawa, kuma saboda abin da ya tsaya mini a ƙirji. Na ga Baba yana ƙin shan ruwa, na san dalili sarai don shi ya koya mini, amma na yi shiru kwana uku saboda kunyar surukuta. Tsorona shi ne kwana ukun nan ne suka tafi da shi.

Kafin ya zama surukina, malamina ne. Zamanin da ake bin layin sabulu da madara na shiga koyon aiki a sashensa, a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna, mu shida. Mutane suna ce mana 'yan gashi, amma 'yan gashi daban suke. Su gaɓa suke motsawa. Mu aikinmu shi ne mu mayar da mutum ga abin da yake yi da hannunsa kafin ciwo ya same shi: cin abinci, sa riga, alwala, sana'arsa. Baba ya ce ba za ka mayar da mutum inda ba ka san ya fito ba, don haka wata uku na farko bai bar mu mun taɓa hannun kowa ba. Hira kawai ya koya mana.

Yana da wani gwangwanin madara a kan tebur. Duk wanda zai shiga ganin mara lafiya sai ya jefa bironsa a ciki. "Biro ba ya jin magana," in ji shi. "Ku ji tukuna, rubutu ba ya gudu." Yana kuma da wata kujera 'yar tsugunno irin ta mata a madafa, wadda yake yawo da ita ɗaki-ɗaki, babban ma'aikaci da farar riga, nas-nas suna dariya a bayansa. Ya ce wanda ya tsaya a kan mara lafiya ba zai ji komai ba sai godiya. Ya hana mu cewa "kada ka damu," ya ce ka san abin da ke damunsa ne da za ka hana shi? Gaisuwa kuwa ya ce a yi ta cikakkiya, a tambayi jiki, a karɓi "da sauƙi" da hannu biyu, amma kada wanda ya kuskura ya rubuta ta a fayil. Bahaushe ko ana haƙa masa kabari da sauƙi zai ce maka.

Ni matsalata shiru ne. Tun ina ƙarami shiru yana ba ni tsoro, in aka yi shi sai in ga kamar laifina ne. Mara lafiya na yin jim, zan cusa masa wata tambayar, ko in ƙarasa masa maganarsa. Baba ya gano wannan cikin mako guda. Daga nan in muna hira sai ya zauna dab da ni, ina buɗe baki zai ɗora dugadugin takalminsa a kan babban yatsana. Na yi wata biyu ina ɗingishi, abokaina suna cewa ni ma a buɗe mini fayil.

Wata Talata aka kawo wani malamin allo daga Rigasa, dattijo mai farin gemu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Babban ɗansa ne ya turo shi a keken marasa lafiya. Baba yana wajen taro, aka ce ni zan fara ganinsa. Don ɗoki har na manta da gwangwani, na shiga da birona da fom.

Ɗan ya ce, "Mun gode wa Allah da abin ya tsaya a hagu. Dama lafiyarta lau, yana rubutu, yana ci da kansa."

Na ce alhamdulillahi, na rubuta. Yana barci? Ɗan ya ce yana yi. Yana sallah? A zaune. Akwai abin da ke damunsa? Babu, sai dai cin abincin ya ragu, kun san tsofaffi. Minti goma na cika fom tsaf, har ina jin daɗin kaina. Da Baba ya dawo na miƙa masa, ya karanta daga sama har ƙasa.

"Da wa ka yi hira?"

"Da malam."

"To. Muryar malam siririya ce ko kakkaura?"

Ban ji muryarsa ba sai a amsa sallama.

"Leɓensa fa, ka duba?"

Ban duba ba. Ya ɗauki 'yar kujerarsa ya ce in biyo shi. A ƙofar ɗakin ya gaisa da ɗan, sannan ya roƙe shi ya ɗan jira a waje. Mutumin ya ƙi. Ya ce wata biyu shi ke ɗauka shi ke ajiyewa, babu abin da ubansa zai faɗa wanda bai sani ba.

"Ubana ne fa," ya ce, murya ta fara tashi.

Baba ya ce, "Shi ya sa."

Nan fa aka yi ta. Ɗan ya ce wulaƙanci ne, zai kai ƙara wajen babban likita. Baba ya ce ofishin yana sama, ƙofa ta biyu, in ya je ya ce ana gaishe shi. Bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa daga bakin ƙofar ba, har mutumin ya fita yana huci. Ni kuwa na ɗauka aikin Baba ya ƙare, nawa ma da ban fara ba.

Baba ya tuɓe takalmi, ya zauna ƙasa da malam, suka gaisa kamar a zaure. Ya tambaye shi inda ya yi karatu, da irin tawadar da yake haɗawa. Sai a lokacin na lura leɓen malam ya tsattsage, idanunsa sun faɗa.

"Allah gafarta malam, ba ni labarin yininka, tun daga kiran assalatu."

Malam ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji ana gunjin keken ɗinki a ɗakin sana'a na kusa da mu. Na ja numfashi zan taimaka, na tuna ba takalmi a ƙafar Baba, sai na ji ya danna mini yatsa da tsurar dunduniya. Can malam ya fara magana a hankali. Ya ce yana sallar asuba a zaune, ya yi wuridi, ɗalibai su zo ya biya musu, ya kwanta.

Baba ya ce, "Na ji ka fara daga sallah. Kafin sallar fa?"

Malam ya juya fuskarsa ga bango. Da ya yi magana, da ƙyar nake ji.

"Shekara arba'in hannun nan na dama Alƙur'ani yake rubutawa. Ɗan'uwansa na hagu da ke ɗauke masa tsarki ya mutu. Tsugunno ma ba na iyawa. Ɗana ke shiga da ni bayi, shi ke wanke ni. Na lissafa, in ban ci ba ban sha ba, sau ɗaya zai shiga da ni maimakon biyar."

Kwana tara ke nan yana kurɓar ruwa sau ɗaya a yini, sauran ya zubar a bayan gado. Na zaci Baba zai yi masa wa'azi. Sai ya ce, "Malam ya fi mu sanin hukuncin lalura."

"Na sani. Na karantar da shi. Ban taɓa zaton a kaina zan karanta shi ba."

"To in an samu yadda za ka shiga kai kaɗai, ka rufo ƙofa, ka fito da tsarkinka, za ka sha ruwa?"

Malam ya juyo ya kalle shi, ya ce, "Akwai haka?"

Akwai. Kujerar katako ce mai rami a tsakiya, da ƙarfen dafawa a bango, da buta da ake ratayewa a ƙusa a sa mata siririn tiyo, ruwa ya zubo ba sai an riƙe ta ba. Wani kafinta ya haɗa su cikin kwana biyu. Amma a ranar, a gabanmu, malam ya shanye moɗa guda, aka wuce da shi ɗakin ƙarin ruwa. Da muka fito Baba ya miƙo mini fom ɗina. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Da wannan aka bi, da Juma'a mai zuwa muna jana'iza a Rigasa." Tsoron da na ji a wannan rana bai sake ni ba, har yau in zan shiga ɗakin mara lafiya sai tafin hannuna ya yi gumi.

Bayan shekara uku na auri 'yarsa ta biyu. A gidansa na fara ganinta, ranar da ya aike ni da wasu takardu. Da iyayena suka je nema, ya ce su ba shi mako guda. Daga baya ta gaya mini 'yar kujerar ya ɗauko, ya zauna a gabanta ya ce ta ba shi labarina, ya yi shiru, ita kuma ta yi ta zuba har ta ji kunya.

Daga ranar ɗaurin aure ban ƙara kallon fuskarsa ba. Haka muka tashi muka gani. In na hango shi a baranda sai in sake hanya, in ba hanya in durƙusa. Ba na ci a gabansa, ba na sha, sunansa ko a takardar aiki sai in ji nauyin rubutawa. Wata rana ya tare ni a bakin ɗakin sana'a ya ce, "Malam, a gida ni surukinka ne, na kuma gode da ladabi. A nan abokin aikinka ne. Kada ka bar na gida ya cinye na asibiti." Na ce to, idona a ƙasa. Ban ji maganar ba, kuma da ya yi ritaya sai na samu sauƙi, na gidan kaɗai ya rage.

Duk da haka, da mahaifina ya rasu, kowa ya zo ya ce sai haƙuri ya tafi. Baba ya zo bayan azahar, ya yi addu'a, ya zauna kusa da ni har la'asar bai ƙara ko kalma ba. A gabansa kaɗai na iya kuka, ina kallon ƙasa.

Shekara tara da aurenmu hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida. Ya yi mako biyu a asibiti aka sallamo shi. Na je gidan da yamma na tarar da zaure cike, ƙanensa na Zariya yana yi wa mutane bayani: "Allah Ya taƙaita, hagu ce. Dama lafiyarta lau." Sai na tuna malamin Rigasa.

Baba ba shi da ɗa namiji. Inna, surukata, ciwon gwiwa ya hana ta ko ɗaga tulu. Ƙanen nan ne ke shiga da shi bayi. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa na ce, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, malam."

Ban ɗaga kai ba, amma daga ƙasa na ga kofin silba a gefen gado, an rufe shi da faifai, cike yake. Na yi addu'a na tashi. A hanya na ce wa kaina wataƙila yanzu aka zuba. Na ce mutumin da ya haɗa wa mutane kujerar nan fiye da yadda zan ƙirga, in yana so ai zai faɗa.

Washegari kofin yana nan, kwanon tuwo ma ba a taɓa ba. Matata ta ce ya ce bakinsa ne ba daɗi. Na tsaya a tsakar gida ina kallon ƙofar bayinsu, ina shirya maganar a raina, kowace kalma na ɗauko sai in ji ba za ta fito ba. Yaya zan dubi uban matata in tambaye shi wa ke wanke shi? Na yi tunanin in turo wani abokin aiki, sai na ga tonon asiri ne. Na yi tunanin in faɗa wa matata, na ga wannan ya fi muni. Na hau babur na tafi.

Rana ta uku muryarsa ta dushe, "da sauƙi" ɗin ma da ƙyar ta fito. Na saci kallon leɓensa, na ga irin na malamin Rigasa. Wallahi na gani, na gane, kuma na sake tashi na tafi. Ba ni da uzurin da zan kawo. Tsoro biyu ne suka riƙe ni, na ya mutu da na in yi masa rashin kunya, kuma don wauta na bar ƙaramin ya rinjayi babban.

Rana ta huɗu ina wajen aiki, da hantsi, na ga wata ɗaliba tana jefa bironta a gwangwanin Baba, wanda na gada. Ban nemi izinin kowa ba. Na ɗaure 'yar kujerar a bayan babur, na tafi Kinkinau da farar rigata a jiki, don na san in na cire ta ba zan iya ba. Na roƙi Inna da matata su ba mu wuri. Ƙanensa ya ce, "Wana ne fa." Na ji bakina ya ce, "Shi ya sa, Alhaji." Har yau bai yafe mini ba.

Na rufe ƙofa, na tuɓe takalmi, na zauna a gabansa, na ɗaga kai. Shekara tara rabona da fuskar nan. Ya tsufa, gefen bakinsa ya karkace, amma idanun suna nan.

"Baba, ba ni labarin yininka, tun daga kiran assalatu."

Ya yi shiru. Sau biyu na so in ce ya yi haƙuri in tashi. Sai na ɗora dunduniyata a kan yatsana na danna. Ya ga abin da na yi, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

"Da jarrabawa ce, da ka faɗi," ya ce. "Kwana uku ina jin ƙarar babur ɗinka."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba? Ai ka san maganin."

"Malamin Rigasa ma ya san hukunci. Ƙanena a bayana na goya shi. Ba zan iya ce masa ya daina ba, ba zan iya jurewa ya ci gaba ba. Matata da 'ya'yana kuwa ka sani. Ashe sai an tambaye ka bakin yake buɗewa. Shekara talatin ina koyarwa, sai yanzu na gane."

Na ɗauke faifan na miƙa masa kofin. Ya karɓa da dama ya sha, ina riƙe da gindin kofin, hawaye na zuba a kan farar rigata. Kafin magariba kafinta ya kafa ƙarfe a bayi, ni na rataye butar da hannuna.

Amma washegari sai da muka mayar da shi asibiti. Likita ya ce ƙodarsa ta taɓu. Na ja shi gefe na tambaye shi ko rashin ruwan ne. Ya ce yana iya zama shi, yana iya zama hawan jinin na shekaru, ba zai iya rabewa ba. Baba ya dawo gida ya yi wata biyar. Yana shiga bayi shi kaɗai ya rufo ƙofa, in jikin ya ƙi kuma ni yake kira, ba wani ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura, ya riƙa ramewa ta sama.

Mako guda kafin rasuwarsa, bayan la'asar, ina yanke masa farce sai ya ce, "Akwai magana a bakinka. Wata biyar ke nan." Ya yi shiru, irin nasa. Na ɗauki lokaci ina juya rezar kafin na ce, "Baba, kwana ukun nan. Ina tsoron su ne."

Na so ya ce kada in damu. Da ya faɗa, da na san ƙarya ce, amma na so.

Ya ce, "Ban sani ba. Likita ma bai sani ba, kuma ajali ba a hannunka yake ba, ba a nawa ba. Ni na ƙi ruwan, kai ka ƙi tambayar, kunya ɗaya ce ta kama mu. Abin da na sani, a rana ta huɗu ka zo. Ka riƙa ba ɗalibanka labarin, kada ka cire naka, kada ka cire nawa." Ya huta, sannan ya ce in kira masa liman. A gabansa ya ce ni zan yi masa wanka. Da na fara cewa ga ƙannensa, ya ɗaga hannu. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai ka riga ka gani."

Ranar da ya cika, butarsa na ciro daga ƙusa. Na fara da dama kamar yadda aka koyar. Da na zo hannun hagu na daɗe a kansa, ina buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya ina zuba ruwa, har liman ya taɓa kafaɗata ya ce ya isa.

Tsoron bai tafi ba, ban kuma sa ran zai tafi ba. Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinka, Ka yafe masa, Ka yafe mini kwana ukuna. Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, shan da babu ƙishi a bayansa.